Bokan Daji a Shagon Shayi

Ga shi can a shagon shayi, ƙato mai tumbi, ya rataya ganyen roba a wuya. Shi da abokansa suna wasan tebur, wanda kowa ke zama jarumin tatsuniya. Shi bokan daji ne, kuma a dokar wasan, boka kan zaɓi sihirinsa kowace safiya. Ya lumshe ido, wai yana sauraron itatuwa, shayin kowa na hucewa. Da ganinsa, ko fulawa bai taɓa ba wa ruwa ba.

"Yau na zaɓi magana da dabbobi," in ji shi, yana hura hanci.

Kyankyaso ya hau ƙafarsa. Sai ga boka bisa kujera yana ihu.

"Haba, mutumina," in ji na kusa da shi, "yi masa magana mana!"