Ranar da Liman Ya Shinshina Tankina

Na daɗe ina kabu-kabu da moto, wato babur, a Gure, har bayana ya gaji. Wata rana na ji a rediyo wai a wasu ƙasashe barasar rake ake zuba wa mota maimakon mai, etanol suke ce mata. Don neman suna kawai, na ce wa abokaina a tasha ni ma ita nake zuba wa motona.

Maganar ta kai kunnen limaminmu, wanda nake kaiwa garin Kelle kowane mako. Ya ce ya daina hawan mashayin moto.

Na bi shi har gida. "Allah gafarta Malam, wallahi ƙarya na yi!"

Ya buɗe tankin, ya shinshina, ya yi tari.

"Moton dai ba ya sha," in ji shi. "Kai kuwa sai istigfari. Tayar mu tafi, rana tana yi."