Surkin Man Giya

A da, idan na tashi zuwa Ƙofar Rini gaishe da yayata, makullin mota kawai nake ɗauka. Ba na sanar da kowa, ba na jiran kowa. Yanzu sai na tambaya ko akwai mai sarari a cikin 'ya'yana, a ce mini in bari sai bayan la'asar.

Motar tsohuwa ce, irin mai canza giya da kanta, kuma ta ci hanya ƙwarai. Na kai ta Yamai, na kai ta Kwatano. Bakanike ɗaya ke taɓa ta, wani mai gareji a Gidan Dare wanda muka yi furfura tare. Shi ya koya mini dokar man giya, jan man nan. Ya ce tsohuwar mota ba a juye mata shi gaba ɗaya. Fayafayan cikin giyar sun cinye, garinsu ya narke a tsohon man, kuma wannan kaurin ne ke sa su kama juna. Sai dai a rage kaɗan, a ƙara sabo irinsa, a bar su su gauraya. Surki yake kiran abin.

"Kamar ruwan wankan tsoho, Alhaji," in ji shi. "Ba a sheƙa mai na sanyi kai tsaye. Surkawa ake."

Na ji kanikawan Hartum suna wannan gardama da Larabci, na ji na Abijan da Faransanci. Wasu su ce a wanke tas, wasu su ce kada a taɓa. Ban ji inda aka ba abin suna mai kama hankali kamar nasa ba. Shekara da shekaru muna surki, motar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Na san idona ya rage. Na taɓa gogar ƙyauren gida, kuma ni da kaina na daina tuƙi in rana ta faɗi. Babban ɗana ya yi ta roƙo in ajiye makullin, na ƙi. Da ya ga haka sai ya bar zancen. Wata safiya ya ce, "Baba, kawo in kai maka ita sabis, ka huta." Na ji daɗi. Da ya dawo da ita a wanke fes, na dafa kansa na sa masa albarka.

Ba a jima ba, ina Ƙofar Marke, na taka totur, inji ya yi ruri, mota ta ƙi gaba. Masu keke-napep suka cika ni da ham. Da aka tura ni gefe, na buɗe gaba na zaro sandar gwada man giya. Wanda na sani launin baƙin shayi gare shi. Wannan kuwa ja ne garau kamar zoɓo.

Na hau keke zuwa Gidan Dare. Mai garejin yana hango ni ya miƙe.

"Alhaji, yau a ƙasa? Ina amaryar?"

"Ta mutu a Ƙofar Marke. Wa ya juye mata mai?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Ni na juye."

"Kai da ka koya mini surki?"

"Wallahi na hwaɗa ma ɗanka, Alhaji. Na ce in aka wanke ta tas, ba ta ƙara kamawa."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce ai shi ake so."

Na tsaya ina kallonsa. Ya ce 'ya'yana tsoro suke ji kada in taka ɗan wani, kuma shi ma yana jin wannan tsoron. Na ce me ya hana shi faɗa mini, ga bencin da muke shan shayi a kai? Ya ce ya san ba zan ji ba.

A gida ɗan nawa bai yi musu ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, gara a rasa motar da a rasa ka."

Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Da sun zo su biyu sun karɓe makullin a gabana, da na yi faɗa na huce. Amma sun bar ni na yi godiya, sun bar ni na fita titi da motar da suka san za ta yar da ni a tsakiyar jama'a.

An ce akwai akwatin giya na gwanjo da zai shiga. Ban sa a nemo ba. Tana nan ƙarƙashin dogonyaro a ƙofar gida, tayoyin sun sace. Mai garejin muna gaisawa in mun haɗu wajen jana'iza, ban sake zama a bencinsa ba. Tun daga ranar ban ƙara tuƙi ba, kuma duk lokacin da ɗana ya kawo mini wani alheri, sai na fara tambayar kaina me ke bayansa kafin in sa masa albarka.