Sunan Yankan Dikko

Duk wanda yake cin kasuwar Issawane ya san Inna Halimatu mai nono. Doguwar Bafulatana ce siririya, wadda ba ta iya ciniki da surutu ba. In ka taya nononta da arha ba za ta yi maka gardama ba, faifai kawai za ta mayar ta rufe ƙwarya, ta kalli wani wajen har ka ji kunyar kanka. A wata ruga take zaune arewa da gari, ita da 'yan awakinta da ragowar shanun da fari ya bar mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata kuwa aure ya kai su nesa. Namiji ɗaya gare ta, shi ne na fari, wanda kowa ke kira Dikko kamar yadda Fulani ke kiran ɗan fari.

Ita kam ko Dikkon ba ta faɗa. In zancensa ya kama dole sai ta ce "wancan", ko "mai tafiyar nan". Haka ta tarar uwarta na yi: mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta sonsa, alhali ba ta da abin da ya kai shi a duniya.

Shekarar da fari ya cinye yawancin shanu, Dikko ya bi samari wajen haƙar zinariya, can bayan Agadas. Kafin ya tafi ya sayo mata 'yar ƙaramar waya, ya yanki layi da katinsa na ɗan ƙasa, ya nuna mata koren maɓalli ya ce shi kaɗai za ta riƙa dannawa. Shi ba shi da waya a can. Ta mutane yake ara, yau wannan gobe waccan, wani lokaci sai a yi watanni ba a ji shi ba. Lambarta kuwa a kansa take. Ma'ana, ran da layin nan ya mutu, ba ta da hanyar nemansa, shi ma ba shi da hanyar nemanta.

Da aka fara faɗa a rediyo cewa gwamnati ta ce kowane layi ya koma sunan mai riƙe da shi, wanda bai koma ba a rufe, Inna Halimatu ba ta ko ɗaga kai ba. A ganinta zancen mutanen birni ne. Sai wata ranar kasuwa Maiwada ɗan kabu-kabu mai haya da babur, abokin Dikko tun suna kiwo, ya tsaya gabanta ya ce masu rajista sun zo daga Mayahi, kuma wannan ne zuwansu na ƙarshe kafin a fara rufewa. Nan take ta miƙe. Ta bar wa maƙwabciyarta ƙwarya, ta bi shi.

A ƙarƙashin wata rumfa suka sami layin mutane, da wata budurwa mai tabarau a bayan tebur, sunanta Zara'u. Da aka zo kanta, Inna Halimatu ta kwance bakin zane ta fito da katinta da ta ajiye tun lokacin zaɓe. Zara'u ta duba na'ura, ta ce layin da sunan wani yake, kuma doka ta ce mai son a mayar masa sai ya faɗi cikakken sunan mai shi, don kada ɓarawo ya zo da wayar sata. Maiwada ya yi caraf ya ce Dikko, ya haɗa da sunan uban. Zara'u ta ce na uban ya yi daidai, amma babu Dikko a nan, sunan yanka ake so. Maiwada ya ja da baya. Shi da suka sha nonon saniya ɗaya, ashe bai taɓa sanin sunan abokinsa ba.

Kowa ya juyo ya kalli tsohuwar. Ta sunkuyar da kai, ta bi hanyar da mata ke bi in an matsa musu: ta ce takwaran wani malami ne da ya yi zama a Gidan Amumune. Mutum biyu a layin sun san malamin sarai, amma da "Malam" kawai suka san shi. Nan fa kasuwa ta samu abin yi. Wannan ya ce Buba, wancan ya ce Umaru, wani ya ɗauko sunayen annabawa tun daga Adamu, tsohuwar tana girgiza kai. Wani mahauci da rana ta dame shi ya ce yarinyar ta karanto sunan kawai a wuce wurin. Zara'u ta ce in ta yi haka aikinta ne zai tafi, kuma gaskiyarta ce. Wani dattijo kuma ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari a tsakiyar kasuwa ba, ya ƙara ɗaure mata baki.

Inna Halimatu ta ɗauki wayarta ta juya. Kunya ce ta juya ta, amma ba ta yi nisa ba tsoro ya tsayar da ita. Ta hango shi a can cikin duwatsu, ya roƙi aron waya, ya danna lambar, an ce masa babu ita. Ba zai ce layi aka rufe ba. Cewa zai yi uwarsa ta mutu, ba wanda ya gaya masa.

Zara'u ta lura da tsayuwar nan. Ta miƙe, ta kori mazan baya kamar mai korar kaji daga shanya, ta jawo tsohuwar kusa, ta yafa mayafinta a kansu su biyu.

"Inna," ta ce a hankali, "ni ma ɗiyar hwari ce, uwata 'ke' take ce mini har yau. Hwaɗa mini a kunne. Ba mai ji sai ni, ni kuwa in na tashi nan na mance."

Tun ranar suna, da ta jiyo liman ya faɗe shi tana cikin bukka, sunan nan bai taɓa bi ta bakinta ba. Ta kai bakinta kunnen Zara'u.

"Muttaka."

Zara'u ta koma ta danna abin da za ta danna, ta ɗauki hoton tsohuwar, ta ce shi ke nan, layi ya zama nata, ba mai rufe shi. Inna Halimatu ta zauna daɓas a ƙasa, wani sanyi ya sauko mata tun daga ƙirji har cikin ciki. Maiwada ya yi ta roƙon a gaya masa sunan, Zara'u ta ce wallahi ta manta, ta kira na gaba.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, tana bayan ruga da awaki, wayar ta yi ƙara. Shi ne. Ta tambaye shi lafiyar mutanen da suke tare, ta tambayi ko akwai ruwa a wajen, shi kuma ya gane abin da take tambaya, ya ce lafiyarsa ƙalau, yana nan tafe kafin damina. Ba ta gaya masa komai game da kasuwa ba. Da mai wayar ya karɓi abarsa, ta daɗe a tsaye da farin ciki. Ta duba gabas ta duba yamma, babu kowa sai awaki. Sai ta sake faɗar sunan, wannan karon ba don wata doka ba, don ta ji shi da kunnenta.