Layi na Sha Bakwai a Jerin Malam Abdulmutalib

Shekara tara muna aiki a makaranta ɗaya da Malam Abdulmutalib a Rogo, ni ina koyar da lissafi, shi yana riƙe da ɗakin kwamfuta, amma wallahi in aka tara hirar da muka yi ba za ta cika yini guda ba. Mutumin garin Jajaye ne. Da safe zai zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya goge farantin sola da tsumma, ya shige ɗakin, shi ke nan sai azahar. Tun da matarsa ta rasu ya daina zama ƙarƙashin darbejiya tare da sauran malamai. Abincinsa ma a gaban kwamfuta yake ci, yawanci gyaɗa ce da ruwan leda.

Kowace Litinin yakan sauko da wani dogon jeri daga intanet, adireshin shafuka fiye da dubu tamanin, na caca da batsa da 'yan damfara, waɗanda za a toshe wa ɗalibai. Jerin nan kuwa ba ya tantancewa, har shafin ƙamus yakan haɗa. Saboda haka Malam ya rubuta nasa gajere, layi ashirin da biyu, ya sa masa suna jerin afuwa. Sai ya buɗe baƙin allon nan da yara ke tsoro, ya buga:

grep -v -F -f afuwa.txt toshe.txt > sabo.txt

Na taɓa tambayarsa mene ne wannan surkullen. Ya ce, "Malama Adama, tankaɗe ne. Duk layin da ya ƙunshi wani abu daga jerin afuwa, a cire shi. Sauran a toshe."

'Ya ɗaya gare shi, Sadiƙa, kuma shi ya koya mata kwamfuta tun tana firamare. Tana kwalejin ilimi a Kano ta buɗe ɗan shafinta na sayar da turaren wuta da humra. Dogon jerin ya haɗa da shi, uban ya saka shi a layi na sha bakwai na jerin afuwa. Na sha kama shi yana kallon hotunan kwalabenta yana murmushi shi kaɗai.

Sai ga ta ta zo gida ta ce ta bar karatu, sana'a za ta riƙe. Ya ce in ta bari kada ta ƙara kiransa. Kai, taurin kai gado ne! Ba ta ƙara ba, har layin waya ta sauya. Wata takwas bai ji muryarta ba, bai kuma buɗe shafin ba. Ni na san ba abin da yake so a duniya kamar ya ji ta ce "Baba", amma sai dai ya mutu da abin a ciki.

Babbar Sallah ta zo, ya yanka ragonsa, ya ware mata cinya, ba ta zo ba. Maƙwabta suka cinye.

Makon da aka koma makaranta, ɗakin kwamfuta ya cika maƙil, har da waɗanda ban taɓa ganin sun kusanci ƙofar ba. Ni da wautata na ce yara sun shiryu. Ashe ƙwallo suke kallo, wasu har shafin caca sun shiga. Ranar Alhamis wani uba ya zo yana faɗa, shugaban makaranta ya kira Malam ya ce in ba a gyara kafin Litinin ba, za a yanke intanet ɗin gaba ɗaya.

Na bi shi ɗakin, don haushi ya hana ni zama. Ya sa kwamfuta ta ƙirga layukan sabon jerin. Ta ce sifili. Dubu tamanin, ba ko ɗaya da ya rage a toshe.

Ya buɗe jerin afuwa. Tsakanin layi na sha shida da na sha takwas akwai fili, babu komai.

"Ni na goge," in ji shi, bai dube ni ba. "Ranar Litinin. Na share adireshinta, amma na kasa jawo na ƙasa ya hau wurin. Na manta cewa layin da babu komai a cikinsa, a wajen wannan umarni, ya dace da kowane layi. Shi ya sa ya yi wa kowa afuwa."

Na ce, "Kowa ya sami afuwa har 'yan caca, ban da 'yarka? Haba Malam! Ka ji tsoron Allah."

Ya ce akwai harafin da zai ƙara a umarnin, -x, wanda zai sa sai layi ya yi daidai da layi sak, filin ba zai ƙara ɓarna ba. Na ce ya ƙara ɗin, amma ni ba harafi na zo ji ba.

Ya ƙara. Ya daɗe hannunsa a kan madannai. Sannan ya koma layi na sha bakwai ya rubuta adireshin Sadiƙa, da ka, bai duba ko'ina ba. Ya sake buga umarnin, jerin ya dawo cif, caca ta rufe. Ya gyara hularsa kamar mai shirin karɓar baƙo, ya buɗe shafinta.

Farin allo ne ya fito, da rubutu cewa babu wannan shafi. Ya sake gwadawa. Ya gwada a wayata, wadda ba ruwanta da toshewar makaranta. Haka dai. Ba mu muka rufe shi ba, shafin ne ya daina aiki, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Tausayinsa ya kama ni. Da ƙyar na ce ya hau motar Kano ranar Asabar.

"Wace unguwa, Malama?" ya ce. "Ban tambaye ta ba."

Ya je ɗin, sau biyu, ya dawo shi kaɗai. Har yau adireshin yana layi na sha bakwai. Kowace Litinin in ya gama tankaɗensa sai ya gwada shafin sau ɗaya, sannan ya buɗe wa ɗalibai ƙofa.