Takalmin da Aka Biya Kafin In Zo

Jama'a!

Na je kasuwar Television neman sabon takalmin ƙwallon kwandon nan, baƙi mai ratsin zinare, saboda ƙanwata tana da wasa gobe. Na tafi da tsinken tsintsiya, awon ƙafarta. Ina jin kuɗinsa, sai na juya zan tafi.

Mai shago ya ce, "Hajiya, tsaya! Shi kaɗai ya rage, kuma an biya miki. Ɗazu wani dattijo ya zo da tsinke irin naki."

Ya ɗauko, muka haɗa. Tsawonsu ɗaya!

Na ce, "Wane dattijo?"

"Dogo, yana ɗingishi. Cewa ya yi, Uwata za ta zo ta karɓa."

Baba kaɗai ke kirana Uwata. Bara ya rasu.