Kawu Sajan da Minti Guda na Shiru

Ina cikin aji a Illela, ina koya wa yara yaƙin duniya na biyu daga littafin da babu sunan ko mutum ɗaya na ƙasar nan a cikinsa, sai direban takisin Dogarawa ya leƙo ta taga ya ce: "Malama, Kawu Sajan ya cika da hantsi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu Mamman, wanda ake kira Sajan, yayan mahaifiyata ne. Su shida aka ɗauka daga Dogarawa da Bazaga, samari masu noman gero, aka kai su yi wa Faransa yaƙi da Jamus. Shi kaɗai ya dawo, yatsunsa biyu na ƙafa sanyi ya cinye. Ba ya son labarin jaruntaka. In aka tambaye shi bindiga, sai ya ce tana da nauyi. Abin da yake maimaitawa shi ne ɗan shebur ɗin da suke haƙa ramin ɓuya. "Da shi na ruhe abokina Illa," in ji shi. "Ba wanka, ba likkahwani, ko alƙibla ban sani ba. Mutanen ga ba a yi musu salla ba, ɗiyata."

Kowace shekara ana aiko mota ta kwashi tsofaffin sojoji zuwa Konni ranar tunawa. A jera su cikin rana da lambobinsu a ƙirji, manya suna ƙarƙashin rumfa. A yi jawabi da Faransanci, a busa ƙaho, a ce a yi shiru minti guda. A cikin wannan mintin Kawu yake ɗaga hannuwansa, ya kira abokansa biyar, kowa da sunan ubansa da garinsu, ya ja musu Fatiha da ƙarfi. "Mi mamaci ka yi da shiru?" in ji shi. "Shiru yana da shi wurinai har ya yi yawa."

An daɗe ana yi masa dariya. Shekarar da wani baƙo Bature ya zo kuwa, kunya ta kama masu rumfa. Kawu na kan suna na uku jandarmomi biyu suka riƙe shi a hammata, suka fitar da shi daga layi kamar mahaukacin kasuwa. Baƙon bai ma fahimci abin da ya faru ba. Ina wurin, na zo hutu daga jami'a, cike da ra'ayi kan mulkin mallaka. Na dubi takalmina. Daga ranar motar ba ta ƙara tsayawa ƙofar gidansa ba.

Sau nawa na ce masa zan zo da rakoda in ɗauki sunayen. Yakan ce: "To, Malama, sai kin samu hili." Ban samu ba.

Ranar addu'ar uku wakilin hukuma ya zo da takarda a hannu. Ya yabi biyayyar marigayi, sannan ya roƙi jama'a su yi masa shiru minti guda. Maza suka sunkuyar da kai, don ba su san abin yi ba. Sai muryar Inna Hadiza, matar Kawu, ta taso daga bayan darni: "Yaro, a gidan ga ba a yi." Ta fara kira. Illa ɗan Nomau na Bazaga. Bawa ɗan Maigari. Chaibu ɗan Arzika. Abdu ɗan Jaɗi, maƙwabcin su Kawu. Ta tsaya. Shekara arba'in tana jin sunayen nan daga bakin Kawu bayan sallar asuba, amma na biyar ya kuɓuce mata. Mun tambayi tsofaffin Dogarawa, mun aika Bazaga. Babu wanda ya riƙe shi.

Wakilin ya duba agogonsa ya tafi. Ba na jin ya san abin da aka rasa a gabansa. Ni na sani, kuma rabin laifin nawa ne.

Allah Ka jiƙan Kawu Mamman, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba Inna Hadiza da ƴaƴanta haƙurin rashinsa. Ka gafarta wa Illa da Bawa da Chaibu da Abdu, waɗanda aka rufe ba salla a ƙasar da ba tasu ba. Na biyar ɗin kuma, ya Ubangiji, Kai kaɗai Ka san sunansa yanzu. Ka kira shi da shi, Ka yi masa rahama. Amin.