Kwamfutar da Ba Ta Gurnani

Baba Kunne suke ce masa a layin teloli, kuma sunan ya zauna masa daram. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ba ya kwance keke sai ya saurare shi. Zai ce tela ya taka, ya karkatar da kai, ya runtse ido, can sai ya ce, "Bel ɗinka ne ya saki," ko kuwa, "Kai, yaushe rabon keken nan da mai?" In an buɗe a tarar haka ne.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne mutumin yana waƙa. Yana da wata tsohuwar jita tun ta samartaka, da waƙoƙi sun kai ashirin da ya ƙulla a bakin aiki, ba a rubuce ba, ba a ɗauka ba. Matarsa ce kaɗai mai sauraro, ita ma rabi tsiya ce. "Malam, wannan ai ta bara ce ka sauya mata riga," haka take ce masa.

Sai muryar ta fara dishewa. Wata uku yana shan ruwan ɗumi yana cewa mura ce. Ran da likita ya gama dubawa, ya ajiye biro ya ce akwai ƙari a maƙogwaro, za a cire, amma da wurin da murya ke fitowa za a haɗa. Ya ba shi kwana goma sha biyu kafin a yi tiyatar.

Baba Kunne bai ji tsoron wuƙa ba kamar yadda ya ji tsoron shirun da zai biyo baya. 'Yarsu ɗaya tilo tana aure a nesa da cikin wata takwas. Jikan zai zo ya tarar da kaka mai nuni da yatsa. Wannan tunanin ne ya hana shi sakat, har ya kan tsinci kansa a shago riƙe da sukudireba, ya manta abin da zai kwance.

Ya gwada ɗauka da wayarsa, abin ya fito kamar ana waƙa a cikin bokiti. Wani tela da ke taɓa harkar kiɗa ya ara masa makirufo mai igiya, ya ce sai dai da kwamfuta. "Amma Baba, ka kula. Masu arha fankarsu gurnani take, duk zai shiga cikin waƙar."

Washegari ya nufi shagon kwamfutoci na hannu. Abin da ya rage bayan an ware na asibiti ne a aljihunsa, kuma ya san saye ɗaya zai yi. In aka cuce shi, ba lokacin dawowa rigima. Shi da ko kunna kwamfuta bai iya ba.

Mai shagon, wani mai ƙiba da tabarau a goshi, ya jero masa guda biyar a kan kanta, ya shiga zuba: wannan ƙwaƙwalwarta kaza, wannan saurinta kaza, wannan ko a ofis sai manya. Baba yana gyaɗa kai, ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba. Zufa ta jiƙa masa bayan riga. Ya ga dai yau ce ranar da za a yi masa abin da shi bai taɓa yi wa tela ba.

Can ya yi gyaran murya, da ɗan abin da ya rage nata, ya ce, "Don Allah kashe min rediyon nan. Da fankar sama."

"Baba, zafi fa ake."

"Minti biyar, ɗana. Kunna su duka, ka ɗora wa kowace aiki. Inji ba ya faɗin ciwonsa sai an taka shi."

Mai shago ya yi dariya, amma ya yi. Tsoho ya sunkuya ya kafa kunne a jikin ta farko, mai sheƙi, wadda aka fi yabo. Ba a jima ba ta fara huci. Ya matsa. Ta biyu tana wani siririn fito da shi kansa mai shagon bai taɓa ji ba sai da aka nuna masa. Ta uku da ta huɗu duk kanwar ja ce. Ta biyar wata 'yar mummuna ce, an ɗaure kusurwarta da salatif, maɓalli ɗaya ya fita. Ya daɗe a kanta. Tsit.

"Wannan ba ta ma da fanka," in ji mai shago, yanzu ba dariya. "Gaskiya ba ta da ƙarfi. Me za ka yi da ita?"

Baba ya gaya masa, a taƙaice. Mutumin ya sauke tabarau daga goshi, ya ce murya ɗaya da jita ɗaya za ta ɗauka. Ya sa masa manhajar ɗaukar sauti, ya nuna masa jan ɗigon da ake dannawa a fara, da inda ake dannawa a tsaya, ya saita ta yadda ba za ta yi barci ba in tana jone da wuta.

Kwana tara Baba Kunne ya mai da ɗakin ajiya wurin aiki. Ya jingina katifa a bango, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Da hantsi muryar ta fi sakuwa, don haka da hantsi yake yi. Ya kuma zama masifaffe. In cokali ya faɗi a kicin sai ya leƙo. "Maman yarinya, so kike turmi da tukwane su fito a waƙar jikana?" Matar ta haɗiye, ta koma tafiya a gidanta ba takalmi. Kullum muryar raguwa take, kullum da fargaba yake danna jan ɗigon, ko yau ce za ta ƙi fita.

Ranar ƙarshe ya rera ta sha huɗu da ƙyar, matar ta ƙwanƙwasa ta ce abinci na hucewa. Shi kuwa hannunsa ya saba da keke: ka ɗage ƙafa, ya tsaya, ka rufa masa ƙyalle. Ya ajiye jita, ya yafa wa kwamfutar ƙyalle, ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Tiyata ta yi kyau, in ji likita. Bayan sati uku suka dawo gida da bandeji a wuya da ɗan littafin da yake rubuta abin da yake so. An haifi jika, namiji. Suka zauna su zaɓi waƙar da za a fara aika masa. Matar ta ce tun ranar da ya rera ta ƙarshe ta ga jan ɗigon na ta ƙyaftawa da yamma, ta danna inda ta ga yana dannawa. Baba ya duba ya ga ɗaukar ƙarshe ta yi tsawon awa huɗu. Ya tabbata ta bi ta kan sauran ta shafe su, kamar yadda kaset ke yi. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Suna nan, duka sha huɗun.

Ya kunna doguwar. Waƙa ta ƙare, sai ƙarar silifas, sai kwanuka. Sai ga muryarsa daga falo, a dishe amma tasa:

"Maman yarinya, ina kika kai min tabarau?"

"Ga shi a hancinka, Malam."

"To ai gwada ki nake."

Aka ji dariyarsu su biyu. Aka ji yana mitar gishiri ya yi yawa, yana neman ƙari. Can gaba aka ji ya ce a hankali, "Wallahi tsoro nake ji," ita kuma ta ce, "Na sani. Ni ma."

Baba ya ji kunya ta rufe shi. Ya jawo littafinsa ya rubuta: kuskure ne, bari a goge. Ya kai hannu, matar ta riƙe masa wuyan hannu gam, irin riƙon da bai san tana da ƙarfinsa ba.

"Waƙoƙin na jikanka ne, a aika masa," ta ce, hawaye na bin fuskarta. "Wannan tawa ce. Mayar min baya, wajen tabarau ɗin."